Kwalabe Biyu a Madafar Inna Hajara

Da sanyin bana ya shigo, shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Inna Hajara makwancinta a nan Tamanrasset. Yayar mahaifiyata ce, ita ta ɗauko ni daga Damagaram bayan aurena ya mutu, ta ce in zo in zauna wurinta ko na samu abin yi. Kowace shekara in lokacin ya zagayo nakan dafa shinkafa da wake in raba sadaka, in yi shiru. Bana na ga shirun ya isa haka.

Waɗanda suka zauna unguwar Gataa El Oued a shekarun can sun san gidanta. Ɗaki biyu ne na bulo da 'yar madafa mai ƙofar langalanga, inda take dafa wa samarin ƙasarmu masu aikin gini abincin rana. Ɗanta Sanusi magini ne, shi ya fara kawo mata abokan aikinsa, har aka kai in azahar ta yi sai ka ga mutum ashirin a ƙofar gida, siminti har gira, kowa da kwanonsa. Garin nan ruwa saye ake yi daga mota, amma ban taɓa jin wanda ya ce ya ci abincinta cikinsa ya ɓaci ba.

Hannunta na da dabara. Kafin ta ɗora tukunya a wuta sai ta kwaɓa toka ta shafe gindinta, in an sauke baƙin ya bi tokar ya fita da ɗauraya ɗaya. In abinci ya kama, ba ta kankarewa da cokali, sai ta zuba ruwan kanwa ta bar tukunyar a rana, kafin la'asar ƙanzon ya saki da kansa. Ruwan da ta wanke shinkafa shi ne ruwan farko na wanke kwanoni, na biyu ya koma ɗauraya, na ƙarshe ta yayyafa a tsakar gida. Butar shayi in ta yi farin dutse a ciki, tsamiya take tafasawa a cikinta. Buhun gero kuwa ba ya rabuwa da busasshen barkono da ganyen bedi, wato darbejiya, saboda ƙwari. Turminta da muciyarta duk wata sai ta shafa musu man gyaɗa, ta ce iskar Tamanrasset ba ta jin tausayin icce, abin da ba a shafa ba sai ya tsage.

Ni kuma a lokacin na samu aikin gida a unguwar Tahaggart, wurin wata Balarabiya matar ma'aikaci. Can na fara ganin madafa mai farin tayil, da rishon gas, da tukunyar nan mai fito da ke dafa wake kafin a gama yanka albasa. Na ga kwalaben wanke-wanke jere, kowace da launinta. Cikin wata uku idona ya buɗe, bakina ma ya buɗe. In na dawo na tarar da Inna durƙushe tana dirzar tukunya da toka da yashi sai in ji kunya ta kama ni, kamar wani na kallonmu. Na sha gaya mata cewa duniya ta wuce nan. Takan yi murmushi ta ce, “Rabi, da tsohuwar zuma ake magani.” Ni kuwa sai in ce a raina, maganar wanda bai ga komai ba ce.

Sai matar Sanusi ta haihu. Aka sa suna, aka ce dangin matar za su zo daga Agadas, kuma a madafar Inna za a yi girkin. Kwana uku kafin sunan na tsaya a ƙofar madafar na dubi daɓen simintin da hayaƙi da maiƙo suka mayar baƙi, na faɗi maganar da har yau in na tuna ta sai abinci ya fita raina. Na ce, “Inna, a nan za ki saukar da surukai? Ai sai su ce daga ƙauye aka kwaso mu jiya.” Ta dai dubi daɓen ta daɗe, kamar ranar ta fara ganinsa.

Washegari na roƙi uwargijiyata ragowar kwalabe biyu. Ɗaya jabel ce, mai farar da abu, ɗayar kuma wani ruwa ne mai ƙarfi da suke kira espiri, wanda ake cire dauɗar da ta zama dutse da shi. Da take ba ni ta riƙe hannuna, ta haɗa yatsunta biyu, ta raba su da ƙarfi, ta ce kada in kuskura su gamu a wuri ɗaya, kuma in buɗe ƙofa in zan yi aiki da su. Larabcina bai da yawa, amma na gane sarai. Ba zan fake da rashin jin harshe ba.

Da safe, ina shirin fita aiki, na ajiye wa Inna su a bakin madafa. Ta ɗaga ɗaya ta sansana, ta yamutsa fuska.

“Yaya ake yi da su, ɗiyata?”

“Zubawa za ki yi ki goge, Inna. Ai ba karatu ba ne.”

Na fita. Na yi nisa a hanyar Tahaggart kafin yatsun nan biyu na Balarabiya suka faɗo mini a rai. Na tsaya. Na san na tsaya, don har yau ina iya nuna wurin, gaban wani shagon burodi. Na auna komawa da faɗan da za a yi mini in na makara, na ce ai Inna ba za ta taɓa madafa ba sai ta sallami masu abincin rana, in na dawo da yamma na gaya mata. Na ci gaba da tafiya.

Ranar kuwa Inna ba ta jira ba. Tana son ta gama kafin in dawo, in tarar da daɓen fari. Sanyi ake yi mai tsanani, ta ja ƙofar langalanga ta rufe, ta juye kwalaben biyu a bokiti ɗaya. Dama tana da tsohon ciwon ƙirji da kan taso mata da sanyi. Sanusi ne ya dawo ɗaukar wani kayan aiki da hantsi, ya tarar da ita a tsakar gida ta rarrafo, idanu jajur, numfashi na fita da ƙyar. A lokacin yawancinmu ba mu da takardu, ana tsoron asibiti saboda jandarma, sai da aka kwana biyu ana ba ta madara da zuma kafin wani ɗan kasuwar Assihar ya tsaya mata aka kai ta. An yi suna tana kwance. Ta dawo gida, amma ba ta ƙara ɗora tukunya ba. Kafin sanyin ya fita Allah ya karɓi abinsa.

Mutane suka ce sanyi ne da tsohon ciwo. Ita ma haka ta bari aka ce. Ni kaɗai ta yi wa maganar, wata rana da la'asar ina shafa mata mai a ƙafa. Ta ce, “Rabi, kwana ne ya ƙare, kada ki ɗora wa kanki. Amma ki bi gidajen matan nan ki gaya musu kada su haɗa ruwan nan biyu. Sun ga kin kawo mini, su ma za su saya.” Na ce to.

Ban bi gida ko ɗaya ba. In na gaya musu za su tambaye ni yadda aka yi na sani, kuma amsar za ta kai kunnen Sanusi. Na zaɓi mutuncina. Laifin farko zan iya kiransa gaggawa da ƙuruciya, ko da yake shekarata talatin a lokacin. Na biyun ba shi da wani suna sai tsoro, kuma shi na riƙe shekara goma sha ɗaya.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce da ta ga yau. Gas ya shiga kusan kowane gida a unguwar, robobi sun kori ƙwarya, yara mata suna yanka nama a kan katako suna amsa wayar salula da ɗaya hannun. Ba na jin za ta yi faɗa, don ba ta taɓa ƙin sabon abu ba, tambaya kawai take yi kafin ta taɓa shi, kuma ta tambaye ni. Abin da zai tayar mata da hankali shi ne teburan kasuwar Assihar, inda ake ɗura jabel da espiri a kwalaben ruwan sha marasa rubutu, a jera su gefe da gefe, mata su saya su jefa a kwando ɗaya da tumatir. A cikin shekarun nan na ji labarin wata a unguwarmu da ta sume a makewayi tana wanki, Allah ya sa ƙofar a buɗe take. Ko ranar ban yi magana ba.

Watan jiya na je na sami Sanusi a wurin aikinsa. Yanzu shi ke da leburori, furfura ta fara fito masa. Na gaya masa komai, har da shagon burodin. Ya daɗe yana kankare siminti daga cokalin gininsa bai ɗago ba. Daga baya ya ce, “Ta ce ki gaya wa mata?” Na ce e. Ya ce, “To je ki gaya musu.” Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba tukuna, don ban ga da wace fuska zan roƙa ba alhali saƙon uwarsa na hannuna.

Inna Hajara ba ta bar gida nata na kanta ba, ba ta bar zinariya ba. Ta bar samarin da ta ciyar, waɗanda yau magidanta ne daga nan har Maraɗi, ta bar matan da suka koyi girki da tsabta a gindinta suna koya wa ɗiyansu ba su ma san daga inda abin ya fito ba. Ta kuma bar wasiyya ɗaya, a hannun wadda ba ta cancanta ba. Ga ta nan, 'yan uwana mata, a makare: kada ku haɗa jabel da espiri, kada ku haɗa jabel da kowane ruwan wanki, ku buɗe ƙofa in kuna aiki da ita, kuma kada ku miƙa wa kowa kwalba ba ku tsaya kun yi masa bayani ba, ko da za a kore ku daga aiki don kun makara. Na fara bin gidajen tun makon jiya, na gama layinmu, saura na bayan masallaci.

Allah ya ji ƙan Inna, ya sa ta huta. In kun yi mata addu'a, ku sa ni a ciki.