Dattin Ƙafar Hepzibah

Shekara goma sha ɗaya na yi ina haya a ɗakin sama na gidan Hepzibah Tranter, mai wanki da guga, a bayan masaƙar garinmu na Ingila. Gajeriyar mace ce mai kaushin hannu, karatunta bai wuce na littafin addu'a ba. Amma duk Lahadi bayan coci sai ta je gidan ajiye zane-zane na gari, ta tsaya gaban zane guda ɗaya.

Zanen wani sarki ne na tatsuniya, ya ajiye kambinsa a ƙasa, ya durƙusa gaban wata matalauciya mara takalmi da ya ƙudurta zai aura. Osric Wadham ne ya zana shi a 1881. A wancan zamanin mai zane yakan ɗauki fuska wurin mace ɗaya, ƙafa wurin wata. Fuskar ta 'yar wani attajiri ce. Sai dai 'ya'yan masu hali takalmi ya matse musu yatsu, saboda haka ƙafar ta Hepzibah ce, tana da shekara goma sha bakwai. Kafin kowane zama, Wadham yakan sa ta zagaya rumbun gawayi sau uku ba takalmi.

A watan Maris na 1934 aka ɗauko wani gwani, Mista Gedge, ya wanke zane-zanen, domin hayaƙin masana'antu ya dusashe su. Mai gadin gidan zane-zanen ne ya gaya mata an sauke zanen nata. Ranar Litinin da safe ta bar wanki a jiƙe, ta ce in raka ta. Da muka isa, ba ta nemi izinin kowa ba, ta tura ƙofar ɗakin aiki.

Gedge yana sunkuye da auduga da kwalbar magani, yana goge diddigen matalauciyar.

Ta ce, "Ɗan nan, ajiye audugar."

"Iya, nan ba wurin 'yan kallo ba ne. Datti nake cirewa."

"Na sama datti ne, cire abinka. Na ƙafar nan fenti ne."

Ya yi murmushi. "Shekara ashirin ina wannan aiki. Na san hayaƙi in na gan shi."

"Ni shekara hamsin ina wanki, kai za ka koya mini datti? Wanda ya hau kan kaya daban, wanda aka rina da shi daban. Da ƙafata na taka gawayin nan cikin sanyin Janairu, Wadham yana ta mita wai bai yi baƙi ba."

"Wato ke ce amaryar sarki?"

"Daga idon sawu zuwa ƙasa."

Gedge ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya duƙa kan ƙafar dama wadda bai taɓa ba tukuna. Ya daɗe yana dubawa. A cikin baƙin ya ga sawun burushi, siriri, a jere. Ya toshe kwalbar.

"Diddigen hagu ya riga ya tafi, Iya. Amma zan iya mayar da shi, ba mai ganewa."

"Ni zan gane. Hannun Wadham ne, kuma Wadham yana ƙarƙashin ƙasa. Bar shi yadda yake, kada ka ƙara, kada ka rage."

Haka aka mayar da zanen bango, diddige ɗaya fari fes, sauran ƙafar baƙi. Bayan rasuwar Hepzibah na ji wani malami yana bayyana wa ɗalibansa cewa da gangan Wadham ya yi hakan, alamar yarinyar ta fara zama sarauniya.