Tafin Hannun Inna

Kowa a gidan yana murna Inna ta fara cinye yankan burodinta, ni kuwa wuƙar Kawu nake kallo. Sati uku a jere yankan yana ƙara sirancewa, har ranar Asabar ɗin nan ana iya hango hasken taga ta cikinsa. Kawu kafinta ne, shekara talatin yana yanka katako, hannunsa ba ya kuskuren kauri. Da gangan yake yi, don farantin ya dawo wayam, 'ya'yansa mata biyu su samu abin faɗa wa nas.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, a gidansa nake tun ina jami'a. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ita ta koya wa gidan gashin burodi. Ba na sayarwa ba ne. Duk Asabar a kan baza fulawa a teburin kicin, Inna tana awo tana kwaɓi, 'yan matan suna shafa bota a gwangwanaye, Kawu kuma aikinsa murza. Ta kan ce ƙarfin banza Allah ya ba shi, gara a more shi. Shi yana kiranta Manaja, ita tana ce masa Lebura.

Da ciwon daji ya ci ƙarfinta, likita ya ce magani ya kai iyakarsa, abu ɗaya ta roƙa: a bar ta a ɗakinta. Asibiti suka yarda bisa sharaɗi. Duk Litinin nas za ta zo ta auna nauyinta, in aka ga ta daina ci, za a mayar da ita a sa mata roba ta hanci. Abin da take iya haɗiyewa kuwa burodi ne jiƙe a shayi, shi ma ba na kanti ba, don ta ce warin leda yake yi.

Sai Kawu ya karɓi gashin. Ya zauna bakin gadonta da littafin da yake rubuta awon ƙofofi, tana faɗa yana rubutawa: fulawa tafi goma sha biyu, ruwa kofi biyu, sauran ma haka. Bai tsallake ko ɗaya ba, amma burodin sai ya fito kamar bulo. Ya canja yis. Ya zargi obin, har ya kwance murfinsa ya sake ɗaurawa. Inna ta tauna ta tauna, ya tsaya mata a wuya, ta kora da shayi ta ce ya yi daɗi.

Ranar Asabar ɗin ina wanke kofuna, shi yana tsaye kan wani sabon kwaɓi, na yi ta juya maganar a baki kafin na ce masa, a hankali, sikelin nas ba faranti yake dubawa ba. Bai ɗago ba. Ya ce ya sani, kwana biyu suka rage. Can ya ce a sana'arsu in ƙofa ta ƙi shiga sau uku, ba katako ake zagi ba, abin awo ake dubawa. Ya buɗe tafin hannunsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki kwano da ledar fulawa ya nufi ɗaki. Muka bi shi.

"Manaja, ara mini hannunki."

"Shekara ashirin da takwas kana riƙe da shi, yau ne ya zama na aro?"

Ya tallafo ta da filo. Ta riƙa ɗibar fulawa tana zubawa a kwano, babbar 'yarsu tana ƙirgawa. A na bakwai ta tsaya tana haki, idonta a rufe. Da ta cika sha biyu sai ta ce a ƙara ɗaya, hannun ya rame. Duk da haka abin da ke kwanon da ƙyar ya wuce rabin wanda Kawu yake zubawa. Ta leƙa, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Lebura, ashe da shebur kake auna mini."

Burodin ya tashi, ya fito da laushi. Ta ci rabin yanka mai kauri a ranar. Lahadi ta ci loma uku ta kau da kai, Kawu ya yi ta zarya tsakanin kicin da ƙofar ɗaki yana ɗumama shayin da ba a sha ba.

Litinin da hantsi nas ta zo. 'Yan matan biyu suka riƙe Inna a kan sikeli. Nas ta duba, ta sake dubawa, ta daɗe tana rubutu, Kawu yana tsaye yana murɗa hularsa. Ta ce nauyin ya sake raguwa, amma tunda abinci yana wucewa za ta bar ta a gida zuwa Litinin mai zuwa. Bayan nan ba ta yi alkawari ba. Inna ta ce ta ji, a mayar da ita gadonta.

Kawu ya raka nas har bakin ƙofa. Da ya dawo ya jawo kujera kusa da gado, ya shimfiɗa tawul a cinyarsa, ya shiga yanke mata farce.