Shafi na Tara

Irmtraud Kretzschmar tana da shekara goma sha biyar ta shiga wani tsohon gidan buga takardun kiɗa a Leipzig. Aikinta sassaƙa alamomin kiɗa a kan allon dalma, daga dama zuwa hagu, domin in an buga su fito daidai. Shekara arba'in tana wannan, har mijinta kan ce sai da madubi yake karanta takardar cefanenta.

A 1991 sababbin masu gidan suka kawo na'urar da za ta maye gurbin sassaƙa da hannu. Aka ce ta ware allunan da suka lalace a kai narkarwa. Ta ware, mota ta kwashe.

Bayan wata guda aka so a sake buga waƙoƙin wata mata 'yar garin, waɗanda rubutun hannunta da duk kwafin da aka buga suka ƙone a ruwan bama-baman 1943. Allunan kaɗai suka tsira a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Irmtraud ta sauka ta ƙirga. Takwas, goma. Babu allon shafi na tara.

Ta tuna allunan da ta ware. In da hannunta ta tura shi wuta, shafin ya tafi ke nan har abada. Kwana uku tana birkice ɗakin, abinci ya ƙi shiga.

Rana ta huɗu Gottfried mai ɗinkin littattafai ya ja ta ɗakinsa shan gahawa.

"Zauna, tsohuwa. Kin rame kamar sandar jagoran makaɗa."

"Rabu da ni, Gottfried. Wa ya ce maka ina jin yunwa?"

"To ci kek ɗin nan, matata ce ta yi. Ni ma dole aka yi mini."

Ya ɗaga buta zai zuba mata. Idonta ya sauka kan abin da yake ɗora butar a kai: allo a kife, bayansa duk tabon guduma, ya yi baƙi da gahawa.

"Ina ka samo wannan?"

"Wannan? Tun 1962 yake nan. Lalatacce ne, ba ki ga duk an bubbuge shi ba?"

"Kai dai ɗinka takarda ka iya! Ta baya ake buga kuskure ya shafe, a sake sassaƙawa. Wannan gyararre ne, sakarai!"

Ta juya shi. A kusurwa ga lamba tara, a juye yadda ta saba ganinta. Zafin buta bai taɓa fuskar ba. Ta bi layin farko da yatsa tana rera shi a hankali, sannan ta zauna.

Gottfried ya tsaya riƙe da buta. "To ni yanzu a kan me zan ɗora?"

"Ɗora a kanka," in ji ta, ta jawo farantin kek ta cinye yanka biyu.