Baba Ilu da Ganga Mai Siffar Ƙwai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Ilu mai gyaran ganguna na Mandawari, yana da shekara tamanin da ɗaya. An yi masa sutura kafin Magariba. Na tsaya a sahu na biyu, na kuma ga mutane suna dubana suna duban juna, domin duk unguwar ta san shekara goma sha ɗaya ke nan ban taka zaurensa ba.

Baba Ilu, kai aminin mahaifina ne, marigayi Malam Haruna. Tun kuna samari yake kiɗa a wani otal na Sabon Gari, kai kana gyara masa kayan kiɗan. Da aka rufe otal ɗin, mai shi ya bar wa mahaifina gangunan. Gidanmu na Madabo gidan malamai ne, kakana ya ce ganga ba za ta wuce masa soro ba. Sai aka kai su zaurenka, suka zauna fiye da shekara arba'in.

Wanda bai gan su ba zai ce ƙari nake yi. Irin gangunan Turawan nan ne da ake jerawa, mutum ɗaya ya kaɗa da hannu da ƙafa. Amma babbar cikinsu ba zagayayya ba ce, siffar ƙwai gare ta a kwance, gefe ɗaya da faɗi, ɗayan a tsuke. Ƙananan kuwa bakinsu a buɗe yake kamar mazurari. Babu kantin da ke sayar da fatar da za ta hau bakin babbar. Kai ne kake zuwa wajen majema ka zaɓo fatar maraƙi, ka jiƙa, ka yanka daidai da karkacewarta, ka ɗaure, ka zauna kana jira ta bushe kamar mai jinya. Masu kalangu da masu bandiri na cikin gari sun san wannan haƙurin naka. Na taɓa gani ka kwance ɗinkin yini guda saboda wani makaho maroƙi ya ce sautin bai yi masa ba, ka sake, ka kuma raka shi har bakin titi.

Duk yammacin Juma'a mahaifina yakan zo ya zauna a bayansu. Idan ya taka gefe mai faɗi na babbar, sai ta yi wani gajeren sauti a dunƙule, kamar an sauke buhun gero a ƙasa. Idan ya taka tsukakken gefen, sautin ya ɗan tashi sama. Da wannan sautin na girma, ko cikin ganguna ɗari zan gane shi.

Da mahaifina ya rasu, bayan sadakar arba'in ɗinsa na zo zaurenka, domin gangunan sun faɗo cikin rabona, an kuma yarda su ci gaba da zama a wajenka. Na zauna na taka. Sai na ji wata irin ƙara mai dogon wutsiya, fayau, kamar an doki duron da ba ruwa. Na sake takawa, haka. Na ɗaga kai na dube ka, ka sunkuyar da kai kana share ido. Ni kuwa na ce a raina, mara gaskiya ne ba ya iya haɗa ido.

Daga nan na shiga tattara hujja. An ce an ga Nazeer, dillalin nan mai sayar wa baƙi tsofaffin kaya, a zaurenka har sau biyu. Na lura ka lulluɓe gangar da zane, na ce ɓoye wani abu kake yi. Na ga kusoshinta suna ƙyalli, na ce sababbi ne, ban kawo a raina cewa gogewa ka yi ba. Na yanke hukunci cewa ka sayar da ta asali, ka ƙera wata ka ajiye mini, tunda duk Kano ba wanda zai iya sai kai. Gwanintar taka ita na mayar shaida a kanka.

Ban taɓa tambayarka ba. A teburin Ɗanladi mai shayi na faɗa, maganar ta zaga Mandawari ta dawo Madabo da ƙari. Wasu makaɗa suka daina kawo maka gyara. Sau uku kana aiko mini da saƙo iri ɗaya: a ce wa Mikailu ya zo, ya sanyo rigar Sallarsa. Rigar nan babbar riga ce ta mahaifina, rinin Ƙofar Mata, wadda na gada nake sawa duk idi. Da saƙon ya zo na uku, cewa na yi, tsohon nan ya cinye ganga, yanzu kuma riga yake hange.

Ita na sa ranar sadakar ukunka, ban san dalili ba. Na shiga ciki na durƙusa na yi wa matarka, Inna Luba, gaisuwa. Ta amsa, ta kama gefen rigar ta juya, ta tsaya a kan wasu ɗigon tsatsa guda huɗu da ke jere a ƙasanta, waɗanda na daɗe ina zargin mai wanki da su.

Ta ce, "Mikailu, ka san inda rigar nan ta kwana shekara talatin?"

Na ce, "A akwatin Baba mana, Inna."

Ta ce, "Wane akwati? A cikin gangar nan take. Babanka ne ya cusa ta don ta danne ƙarar. Ranar da baban naka ya rasu, Malam ya kwance fata ya ciro ta, ya ce kayan magada ne, ba za ta kwana a gidansa ba. Ni na wanke ta, shi ya kai wa kawunka."

Na ce, "To me ya hana shi faɗa mini?"

Ta ce, "Ranar da ka zo kuka ne ya hana shi, kafin ya natsu ka fice. Daga baya kuma ya ce in da baki ya faɗa, za ka ce dabara ce. Gara ka zo da ita ka ji da kunnenka."

Kuma gaskiyarka, Baba. Da ka faɗa, da dabara zan ce.

Na bari har aka share makoki. Rana ta takwas na koma, ɗanka Salisu ya taya ni sassauta fatar. Na tuɓe rigar a nan zauren, muka shimfiɗa ta a ciki, ɗigon tsatsan nan huɗu suka hau kan kusoshi huɗu daidai. Muka ɗaure. Sau ɗaya na taka, buhun gero ya sauka a ƙasa. Na kifa kaina a kan gangar na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne ka.

Saboda haka nake rubuta wannan, don ya kai inda bakina ya kai. Jama'ar Mandawari da Madabo, ku shaida Malam Ilu bai taɓa ko ƙusa ɗaya ta marayu ba. Nazeer ya zo, amma Malam Ilu ya kore shi har sau biyu. Ni, Mikail Haruna, ni na yi masa ƙazafi, tsoron haƙƙin magada kuwa shi ne abin da na kira sata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Luba, da Salisu, da Zainab, da jikoki, ina kuma roƙon su yafe mini abin da yake nasu na yafewa. Allah Ya jiƙan Baba Ilu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa haƙurin da ya yi da ni ya zame masa nauyi a mizani. Allah Ya haɗa shi da amininsa a Aljannar Firdausi, Ya ba iyalansa juriyar rashi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Sau uku ka aiko in zo da rigar, Baba. Na zo da ita, ba ka nan.