Guntun Wandon Malam Habu

Cikin duk ranakun aikina a gidan gonar nan, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da muka liƙe kwamin wankan Alhaji, ni da Malam Habu, Allah ya jiƙansa. Ku da kuka kama aiki bayan rasuwarsa kuna yawan tambayata ƙullin nan da ke ƙasan kwamin ta wajen matakala, wanda na hana a kankare. To ga asalinsa.

Saboda baƙi, gidan gonar yana kan hanyar Gwarzo zuwa Kabo. Ni ne mai aikin famfo. Malam Habu shi ne mai kula da gida da dabbobi, yana gaba da ni a shekaru da kuma a aiki, amma Injiniya yake kirana don tsokana. Kwamin na faiba ne, wato irin robar nan mai tauri, ɗungurungum aka kawo shi a babbar mota, aka haƙa rami aka zaunar da shi, saboda jikokin Alhaji masu zuwa hutun Sallah. Mutanen gari kuwa kwanon Alhaji suke ce masa.

A ƙarshen wata bazara, ana dab da Babbar Sallah, muka rage ruwan kwamin za mu wanke. Sai bijimin layya ya tsinke igiya, ya hango ruwa, ya faɗa ciki. An fito da shi lafiya, amma kofatonsa ya tsaga ƙasan kwamin, tsaga mai tsawon kamu guda. Da aka gaya wa Alhaji a waya, bai ja magana ba.

"Habu, bijimin a hannunka yake. In na zo na tarar kwamin nan yana yoyo, ka nemi wani aikin."

Ɗakin da Malam Habu yake zaune da iyalinsa na aikin ne. In aiki ya tafi, ɗaki ya tafi. Masu gyaran da muka kira a Kano suka ce sai bayan Sallah. Na ce masa na taɓa liƙe tankin ruwa, mu gwada da kanmu.

Na shiga Kano na sayo gwangwanin gam, da 'yar kwalbar mahaɗi, da ƙyallen faiba, da samfefa, da fenti. Tsarin aikin ba wuya. A tsane ruwa wurin ya bushe ƙayau. A huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba. A goge kewayenta da samfefa, a share. Sannan a zuba gam a roba, a ɗiga mahaɗi, a juya, a shafa, a shimfiɗa ƙyalle, a sake shafawa. Mai shagon ya ja mini kunne a kan abu ɗaya.

"Da zarar ka ɗiga mahaɗin nan, ko gobara ake yi kada ka ɗaga kai. A zafin nan yanzun nan yake daskarewa."

Abin da bai sani ba, labarin bijimi ya zaga gari, mutane sun ɗauro niyyar zuwa jaje.

Malam Habu ya ce shi zai yi shafin, tunda aikinsa ne ke cikin haɗari, ni in riƙa miƙa ƙyalle. Na ɗiga mahaɗi ke nan, sai muka ji sallama daga sama. Wani abokinsa ne, Malam Audu, ya leƙo kansa.

"Malam Habu, ashe abin da ya faru ke nan?"

Malam Habu ya tsoma burushi a roba ya miƙe tsaye. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya zafi, yaya jikin bijimin.

"Malam, gam," na ce a hankali.

"Injiniya, mutum ya tako tun daga ƙauyen Jama'a."

Suka gaisa a kan yara, suka gaisa a kan gona, suka dawo kan bijimi. Da Malam Audu ya tafi, Malam Habu ya ɗaga burushi, sai robar ta biyo shi gaba ɗaya. Ya girgiza, ya sake girgizawa, ya dube ni.

"Wannan gam ɗin ba shi da tarbiyya."

Na sa ya yi mini alkawari ko wa ya zo ba zai tanka ba. Ya yi. Muka sake haɗawa a wata robar. Ya kai burushi bakin tsagar ke nan, sai ga ƙwanƙwasar sanda. Surukinsa ne, tsohon da ya ba shi matarsa Iya Talatu, an kawo shi a babur daga Mainika. Malam Habu ya watsar da takalmi ya yi wajen matakala da sauri, ƙafarsa ta kifar da robar, ya zube gwiwa ɗaya a ƙasa, daidai cikin gam ɗin.

Tsohon ba ya ji sosai, kowace gaisuwa sai an maimaita. Can ya ce, "Tashi mana, Habu."

Na ga Malam Habu ya yunƙura, ya koma.

"A'a Baba, nan ma ya yi."

"Haba, tashi."

"Wallahi Baba nan ya fi."

Tsohon ya juyo gare ni ya ce tun da yake bai taɓa ganin suruki mai ladabin Habu ba. Ya yi ta sa masa albarka har aka ɗora shi a babur. Sannan na ɗauko wuƙa na yanke ƙafar wandon daga gwiwa.

Na leƙa gwangwani. Abin da ya rage na haɗi ɗaya ne, ba kuma lokacin komawa Kano. Malam Habu ya zauna a matakala, ƙafa ɗaya da wando, ɗaya babu. Ko ni zan yi shafin ba mu tsira ba, don hannu biyu ba sa isa, kuma ni ma ba zan ce zan iya share dattijo ba.

"Injiniya," ya ce, "ni dai ba zan ji sallama in yi shiru ba. Gara a kore ni."

A haka Iya Talatu ta same mu da kwanon abinci. Ta dubi gwiwar mijinta, ta dubi wandon da ke manne a ƙasa, ta saurari bayanina har ƙarshe.

"Kai, maza! Nan ba wurin wanka ba ne? Wa kuka taɓa gani ya gaida mai wanka?"

Ta sa muka ciro zana daga garke muka kewaye kwamin. Ta rataya zane a kai, ta ajiye buta da soso da sabulu da takalmin Malam Habu a bakin shiga, ta koma cikin gida.

Na ɗiga mahaɗi. Muka ji takun mutane, suka matso, suka tsaya, suka juya. Ko tari babu. Malam Habu yana shafawa yana cije leɓe, kowane taku sai kafaɗarsa ta motsa. Ni ina miƙa ƙyalle da hannu ɗaya, ɗaya hannun ina tsiyaya ruwa a bokiti can nesa da aikin, don a ji ƙara.

Sai ga ƙugin mota. Alhaji ne, bai gaya wa kowa zai zo ranar ba. Muka ji takunsa har bakin zana. Ya tsaya. Ya yi gyaran murya, irin wadda ake yi a ƙofar makewayi.

Malam Habu ya tsayar da burushi. Ya dube ni, ya dubi tsagar, saura kaɗan. Sai ya rufe ido ya mayar da gyaran murya.

Alhaji ya ja da baya. Ya je gindin mangwaro ya zauna cikin 'yan jajen da suka taru can suna jira, a gidansa, yana jiran mai gadin shanunsa ya gama wanka. Muna jin wani yana cewa wankan nan dai ya yi tsawo.

Da muka gama muka fito mu biyu, a bushe, gam har gwiwar hannu. Alhaji ya daɗe yana kallon ƙafar wandon nan.

"Habu, ni ka yi wa gyaran murya?"

"Ranka ya daɗe, ai kai ka fara."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Malam Habu kuwa ya durƙusa ya bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, ya gaida kowa gaisuwa cikakkiya, bai tsallake ko bijimi ba.

Da gam ya bushe muka goge, muka yi fenti, muka cika ruwa. Bai rage ko ɗigo ba. Maganar kora ba ta sake tashi ba. Guntun wandon kuwa ya ƙi fita, muka ji tsoron kankara kada mu yi sabuwar tsaga, sai muka bi ta kansa da fenti.

Abin da na koya shi ne gam yana da lokacinsa, mutanenmu kuma suna da nasu, ba wanda zai canza don wani. Ma'aikaci shi ne zai shirya yadda ba za su haɗu ba. Shi ya sa kuke ganin ina kafa zana kafin in buɗe gwangwani.

Malam Habu ya rasu da daminar da ta wuce, a ɗakin nan nasa. Mutanen da suka zo ta'aziyya sun cika gindin mangwaro har bakin titi, da yawa ban san su ba, amma kowa ya ce sun saba gaisawa. Yanzu in ina wanke kwamin, ƙafata ta taɓa ƙullin nan, nakan ajiye tsintsiya in yi masa addu'a. Ba na gajarta ta. Shi ma bai taɓa gajarta wa kowa gaisuwa ba.