Ranar da Na Karɓi Makulli Daga Hannun Yayana

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar yayana, Malam Sani, wanda mutanen Jega suka fi sani da Sani Kansila. Duk shekara in watan ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in zauna da biro, in ji babu komai a raina, ba baƙin ciki ba kishiyarsa. Bana dai na ce ko da hakan ne zan rubuta.

Malamin firamare ne, kuma manomin albasa. An zaɓe shi kansila a shekarun da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, lokacin da soja suka kafa jam'iyyu biyu suka ce kowa ya shiga ɗaya. Zaɓen layi aka yi, mutum ya tsaya bayan hoton wanda yake so, kowa na kallonsa. Ni kuwa ina aiki a ƙaramar hukumarmu, ina buga takardu da tafireta.

Yaya Sani mutum ne mai son gardamar mulki. Ya tashi a ƙarshen zamanin En'e, ya ga na firimiya, ya ga na shugaban ƙasa, ya ga na soja iri-iri. In abokansa suka kaure da musu a bakin kasuwa kan wanne ya fi, shi ba ya zaɓar ko ɗaya. Tambayarsa ita ce, mutum nawa ne sai sun yarda kafin a taɓa talaka? A ganinsa in mutum ɗaya ne, to ko wane suna aka sa wa tsarin, abu ɗaya ne.

A mazaɓarsa akwai wani ƙaramin ƙauye gaba da Katanga, na masu fadama da suke noman rani tun kakanni. Wani mai hali daga birni ya zo da buƙatar a ba shi fadamar, wai zai yi gonar zamani. Maganar ta zo gaban kansiloli. Ina cikin ɗakin ina rubuta abin da aka ce. Yaya ya miƙe ya ce gidaje ne ke ci a wurin, kuma ba wanda ya tambaye su. Aka ja har la'asar, aka ɗaga hannu, masu ƙi suka rinjaya da mutum ɗaya. Ciyaman ransa bai so ba, amma doka ta ɗaure shi, aka rufe fayil.

Ba a yi shekara ba soja suka sake juya gwamnati. A rediyo muka ji an rushe jam'iyyu da majalisu duka. Da aka kawo mana kantoma, aka ce a karɓo makullan ofis daga tsofaffin kansiloli, kuma ni aka tura gidanmu. Na tarar da shi a zaure yana gyaran igiyar guga.

Ya ce, "Umaru, kai anka aiko?"

Na ce, "Ni ne, Yaya."

Ya shiga ciki ya ɗauko, ya miƙo mini. "Riƙe aikinka da kyau, kana da iyali," in ji shi, ya koma kan igiyarsa.

Kantoman ba mugun mutum ba ne a fuska. Yana gaisawa da masinja, yana sallah a kan lokaci. Amma ba wanda ya zaɓe shi a cikinmu, kuma ba wanda yake jin tsoro sai wanda ya turo shi. Wata uku da zuwansa aka sake buɗe fayil ɗin fadama. Ba a yi zama ba, ba a kira kowa ba. Ya ba ni rubutun hannu na miƙa wa mai halin nan fadamar, ya ce in buga. Na karanta, na gane wurin, na sa takarda na buga. Ko kuskure ɗaya ban yi ba. Na tuna bayan nan na fita na sayi rogo na ci.

Mutanen ƙauyen ba su san wata ƙofa ba sai ta Yaya. Dattijonsu, Baba Manu, ya zo da mutum shida da takardar da aka kai musu, Yaya ya sa babbar riga ya rako su sakatariya. Suka wuni a kan benci a gaban tagar ofishina. Da yamma kantoma ya fito zai shiga mota, ya saurare su a tsaye, ya ce umarni ne daga sama. Baba Manu ya juya ya dubi Yaya ya ce, "Malam, ina na saman nan? Mu tai mu gan shi." Yaya ya kama hannunsa suka kama hanyar gida.

Na gaya wa Yaya ni na buga takardar, bayan kwana biyu, a gona. Ya ce ya sani, ya gane haruffan tafiretata. Ba mu sake tada maganar ba har ciwon hanta ya kwantar da shi. Ya rasu ana shirin mayar da mulki ga farar hula, bai ga ranar ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. An raba mu, Aliero ta samu tata ƙaramar hukumar, Maiyama na da tata, sakatariya ta matso kusa da kowa. Ana zaɓe da ƙuri'a a asirce, ba layi. Amma na yi aiki har na yi ritaya, na ga kansiloli da yawa, kuma da wuya in tuna ranar da suka ɗaga hannu suka hana wani babba abin da yake so. Ina jin ba zai yi mamaki ba. Zai dai ƙirga mutum nawa ake tambaya, ya koma gona.

Bai bar gini da sunansa ba, kuma fadamar da ya kare ta tafi. Na ji an sayar da ita sau biyu, yanzu waya ce kewaye da ita. Abin da ya yi bai wuce jinkirta abin na ɗan lokaci ba, mutanen suka ƙara cin rani guda a ƙasarsu. Na daɗe ina ganin wannan ba komai ba ne.

Bara na je kasuwar albasa a Aliero. Wani mutum mai furfura da ke lodin buhuna a mota ya tsaya ya ƙura mini ido, ya ce, "Kai ba ƙanen kansilanmu ba ne?" Ɗan Baba Manu ne. Ya riƙe hannuna ya yi wa Yaya addu'a mai tsawo, ya kira abokan aikinsa ya nuna musu ni, ya ce ga jinin mutumin da ya tsaya musu. Ya tsinto albasa masu kyau ya cika mini leda, ya rantse ba zan biya ba.

Ban gaya masa ni na buga takardar da ta raba su da fadamar ba. Na karɓa, na yi godiya, na hau mota zuwa Jega da ledar a kan cinyata.

Allah ya jiƙan Malam Sani, ya sa ya huta.