Kakana Mushe Arzika da Burtalin Bayan Gonarmu

Ranar kasuwar Filingue ce, bayan azahar. Ina zaune gefen Gwaggo Hajo, ƙanwar babana, muna sayar da kopto, wato dafaffen zogale da ƙuli, sai wayarta ta yi ƙara. Ta saurara kaɗan, ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta jawo faifai ta rufe robar. Wata mata da ta riga ta miƙo kwano ta janye hannunta. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Rakiya, tashi. Mijinki ya tahi." Haka ake kiran kakana a gidanmu idan da ni ake magana, domin tun ina rarrafe yake ce mini uwargida. Kafin mu sami motar da za ta kai mu ƙauye har an yi masa sutura. Ban ga fuskarsa ba.

Sunansa Arzika, amma kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin boko da bakin Faransanci, saboda ya yi rayuwarsa yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, daga ƙauyukan Kurfey har cikin Imanan. A hannunsa na tashi tun da aka yaye ni. Ni ba mai magana ba ce. A zaman makoki mata sun yi ta ce mini, "Ke da kika fi kowa saninshi, ba ki cewa komai?" Bara na gama firamare, rubutuna bai yi ƙwari ba, amma abin da bakina ya kasa shi nake so in sa a takarda.

Duk wanda ya zo gaisuwa kalma ɗaya yake faɗa: Mushe mai haƙuri ne. Na ji ta har ta fara yi mini zafi a kunne. Waɗanda suka fi maimaita ta su ne waɗanda suke yi masa dariya yana raye. Kakana ba mai haƙuri ba ne irin wanda suke nufi, wanda ake takawa ya yi shiru. Ban taɓa ganin mutum mai taurin kai kamarsa ba. Hannu ne kawai ba ya ɗagawa.

A bangon ɗakinsa akwai wani hoto da ya yanko daga tsohuwar jarida: wani tsoho siriri, mai tabarau, ya yafa farin ƙyalle, yana riƙe da sanda. Mu yara muna ce masa Tsohon Indiya. Kaka ya karanta labarinsa tun yana makarantar horon malamai, kuma bai gaji da ba mu shi ba. Ya ce lauya ne, ya tuɓe kwat ya koma kaɗa zare da hannunsa don kada mutanensa su dogara da yadin Turawan Ingila da ke mulkinsu. Da Turawa suka hana talaka ɗibar gishiri a bakin teku, sai ya taka a ƙafa makonni, jama'a na binsa, ya je ya ɗiba a gaban kowa. An yi ta bugun mutanensa da kulake, ba su rama ba, ba su kuma koma gida ba. Da ƙasar ta tashi samun ƴanci, Musulmi da mabiya addinin Hindu suka hau kashe juna, sai ya daina cin abinci har suka tsaya. A ƙarshe wani ɗan addininsa ne ya harbe shi yana kan hanyar zuwa addu'a, don yana ganin ya cika tausayin Musulmi.

Abokan hirar Kaka na gindin itacen bedi sukan tsokane shi. Wani ya taɓa ce masa, "Mushe, kai da hoton wanda bai ko sallah?" Kaka ya ce, "Hisabinshi na wurin Allah. Ni dai na ga mutum ya mutu don kada a yanka Musulmi. Kai mi ka taɓa bari don wani?" Tsofaffinsa ɗalibai sun ce bai taɓa shiga aji da bulala ba. Idan yara suka yi dambe, sai ya ajiye kwanon furarsa a kan tebur ya ƙi sha, su biyun suna kallonsa, har kunya ta sa su shirya.

Labari ne mai daɗi idan ana ba da shi a tsakar gida. Zama da mai aikata shi daban ne, kuma ni na zauna da shi.

Bayan gonarmu akwai burtali, hanyar da shanu ke bi su sha ruwa a tafki, su wuce arewa idan damina ta faɗi. Kowace shekara manoma na ƙara layi ɗaya na shuka a cikinsa, wannan daga gabas, wancan daga yamma, har ya zama shanu biyu ba sa jerawa. Babana ma yana cikin masu ƙarawa. Daminar bara waccan, hatsi ya fitar da kai, shanun wani makiyayi mai suna Sambo suka fasa suka shiga gonarmu. Da aka kai labari, Baba da mazan unguwa suka fita da sanduna. Na bi Kaka a baya ina riƙe da takalminsa, don ko sa shi bai tsaya yi ba.

Mun iske sun kewaye Sambo. Kaka ya ratsa ya tsaya a gabansa. Baba ya riga ya ɗaga sanda, ta sauka a dantsen Kaka. Na ji ƙarar. Kaka bai dafe wurin ba, sai ya ce, "To, an bugi wani. Ya isa ko akwai saura?"

Ya sa aka kora shanun zuwa ƙofar gidanmu har maigari ya yanke hukunci. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Uwargida, baƙi sun zo. Ɗauko guga." Kwana uku ina jan ruwa a rijiya ina shayar da shanun da suka cinye abincinmu. Tafin hannuna ya saɓule. Ƴan matan unguwa na wucewa suna cewa, "Sannu da aiki, matar Sambo!" Na yi kuka a bakin rijiyar nan, na takaici, ba na ciwo ba. Da na nuna masa hannuna, ya shafa mini man shanu ya ce, "Saniya ba ta san iyaka ba, mutane ne suka sani."

A gaban maigari kowa ya zaci zai ce ya yafe. Bai yafe ba. Ya ce Sambo ya yi sakaci, a auna ɓarna ya rama da abin da aka saba. Sambo ya ɓata fuska. Sai kuma ya ce manoma sun cinye burtali, ciki har da gidansa, kuma sai an mayar da shi yadda yake. Nan manoma suka yi caa. Ya fito daga wurin nan babu mai yi masa sannu, ba makiyayi ba, ba manomi ba. A hanya ya ce mini, "Yau kowa ya ji haushina daidai wa daida. Ina ga ban yi kuskure da yawa ba."

Baba bai tuge layukansa ba. Shi ne ɗan fari, don haka Kaka ba ya kiran sunansa, ba ya ko zama su yi doguwar magana, sai dai ya ce "wancan". Da ba shi da hanyar yi masa faɗa, sai ya daina cin abincin gidan. Ni ce mai kai masa tuwo. In ajiye, ya buɗe, ya yi bisimilla, ya rufe, ya ce, "Mai da. Ki ce ma wancan akwai hatsin hanya a ciki." Ruwa kawai yake sha, sai ɗan dabino da magariba. Ni kuwa ina zan iya faɗa wa Baba wannan magana? Sai in ajiye kwanon a inda zai gani in gudu. Liman ya zo ya ce masa bai halatta mutum ya cutar da jikinsa ba. Kaka ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Ka biya ka gaya ma wancan, shi ke da maganin." A rana ta biyar ya tashi zai yi alwala jiri ya ɗebe shi. Da hantsi Baba ya ɗauki hauya ya je ya tuge layuka huɗu na hatsin da ya kusa nuna. Ya dawo bai kalli kowa ba.

Wannan shekarar rumbunmu ya ƙare tun kafin zafi ya yi tsanani. Mun yi watanni muna cin kopto da garin rogo. Wata rana yunwa ta ba ni bakin da ba ni da shi, na ce masa, "Kaka, shi wannan Tsohon Indiya naka, yana da jikoki? Su ma haka ya bar su da yunwa?" Na zaci zai yi dariya. Sai ya ce, "Iyalinshi sun sha wuya a hannunshi. Babban ɗanshi ma sun rabu ba daɗi. Ba waliyyi ba ne, uwargida, ni ma ba shi ba ne. Amma da sandar nan ta sauka a kan Sambo, da yanzu ba hatsi muke kuka ba." Na san gaskiya ya faɗa. Sanin bai cika mini ciki ba.

Tun daga lokacin, duk ranar shuka sai ya ɗauki buzunsa ya je ya zauna a bakin burtali, daidai iyakar gonarmu. Ba ya cewa komai. Wa zai sara rami a gefen ƙafar mahaifinsa? Maƙwabta ma suka ja baya don kunyarsa. Shanu suka wuce bara lafiya. Amma ba a kafa ko dutse ɗaya ba, ba a rubuta komai ba. Shi kansa ne iyakar. Wannan ne abin da ya fi ba ni haushi da shi: bai yi tunanin ranar da babu mai zama a buzun ba.

Kwana takwas da rasuwarsa ruwan shuka ya sauka. Da safe muka fita gona. A wurinmu namiji ke gaba da sungumi yana sara rami, mace na binsa da ƙwaryar iri tana zubawa tana rufewa da ƙafa. Ni nake bin Baba. Mun yi ta tafiya layi bayan layi har muka kai iyaka. Baba bai juya ba. Ya ci gaba da sara, ya shiga cikin burtali.

Na tsaya. Ba jarumta ba ce. Iri na cikin hannuna, hannun ya ƙi buɗewa. Baba ya yi nisa kafin ya lura babu mai binsa. Ya waiwayo ya ce, "Ke, zuba mana." Ya dawo ya tsaya a kaina. "Ba ki ji ba? Ko shi ya bar miki wasiyya?" Gwaggo Hajo daga can layinta ta ce, "Yaya, bar ɗiyar nan." Ya ce, "Bara waccan wa ya ji yunwa? Ba ita ba? Ni nake ciyar da gidan nan, ba hoton bango ba!" Na ga hannunsa ya motsa. Na runtse ido ina jira.

Bai buge ni ba. Ya fizge ƙwaryar, ya shiga burtali, ya zuba iri a rami ɗaya, na biyu, na uku. A na huɗu ya tsaya. Ya daɗe a tsaye yana kallon inda buzun yake zama. Sannan ya dawo ya dangwarar da ƙwaryar a gabana, ya saɓa sungumi ya koma cikin gona. Sauran ramukan suna nan a buɗe.

Yau kwana uku bai yi mini magana ba. Hadari na sake haɗuwa, shanun su Sambo kuma sun fara matsowa. Ban san abin da Baba zai yi a ruwa na gaba ba, ban kuma san ko zan iya sake tsayawa ba. Masu cewa Mushe mai haƙuri ne, gonakinsu a bakin burtalin nan suke. Ina roƙonsu su rage yabo, su rage layi ɗaya.

Ya Allah, ga bawanka Arzika ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanya shi cikin rahamarka. Yunwar da ya sa mu da ruwan da ya sa na ja, na yafe masa duniya da lahira, shi ma ka sa ya yafe mini maganar da na faɗa masa. Ka ba Gwaggo Hajo da dukan zuriyarsa juriyar rashinsa. Ka sanyaya zuciyar babana, ka cika masa rumbu daga cikin gonarsa, don kada ya sake duban hanyar shanu. Ka wuce da garken bana lafiya, ba tare da jinin kowa ya zuba ba. Amin.